Hantar da Na Wurga wa Duna

Tun liman bai sallame ba nake sauka kwatar Kumo,
wuƙa a wase, igiya a kafaɗa,
Duna na biye da ni, jela a sama.
Ba ya salla, amma bai taɓa makara ba.

Shekara ashirin da bakwai ina fiɗa.
Rago daga takunsa nake sanin nauyinsa,
saniyar da rani ya ci, kitsen ƙoda ke tona ta.
Hanta kuwa ita ce allona.
Wata in buɗe ta sumul, ja wur kamar goro,
wata in tarar da ƙulli a cikinta,
'yar jaka fara, cike da ruwa garau,
kamar an ɗaure ruwan sama a leda.
Sai in ce, "Wannan ba ta mutane ba ce,"
in wurga wa Duna.
Ya cafe tun ba ta taɓa ƙasa ba.
A ganina tsoron Allah ke nan:
ban sayar ba, ban kuma yi almubazzaranci ba.

Malam Giɗaɗo, malamin dabbobi,
ya sha tsayawa a kaina da 'yar jakarsa:
"Ɗanlami, binne ta. Ƙone ta."
Ni kuwa in yi dariya,
in ce cikin kare ai tukunyar ƙarfe ce.

Autata Lantana ba ta taɓa shafa shi ba,
uwarta ta hana, ta kuma kafa dokar da bulala.
Sai dai bayan gida akwai 'yar garka,
inda Duna ke tsugunawa da dare,
inda ita kuma ke tsinkar yalo da safe,
ta goga a zane, ta kai baki.

Duna mota ta take shi a hanyar Gombe.
Na ja shi gefen titi, na ce shi ke nan.
Damina biyar ta wuce.

Sai cikin yarinya ya fara tashi ta dama,
ƙarƙashin haƙarƙari, kamar ta haɗiye ƙwarya.
Aka ce shawara ce, muka jiƙa saiwa.
Aka ce sammu ne, muka sha rubutu.
Ta bar tuwo, ta bar dariya,
zobenta ya koma babban yatsa.

A asibitin Gombe likita ya juyo mini da hoton ciki.
Yana bayani a hankali, kamar mai lallashin yaro:
tsutsa ce, ƙarama, a hanjin kare take zama,
ƙwanta ido ba ya gani,
yana bin kashi, ya bi ƙasa, ya bi ganye, ya bi hannu.
Ban bari ya ƙarasa ba.
Da'irar nan da ke kwance a hantar 'yata
na fi shi saninta.
Sau dubu na soke ta da bakin wuƙa.

Ranar aikin na zauna a dakali,
ni da nake buɗe ciki kullum ba bismillar tsoro,
hannuna ya kasa riƙe carbi.

Ta tashi. Ɗinkin ya kai taƙi guda.

Yanzu akwai rami bayan kwata, ni na haƙa,
zurfinsa har ƙirjina.
Hanta mai jaka can take shiga, da kananzir, da ashana.
Karnuka su jeru nesa suna kallon hayaƙi,
suna kallona kamar na ci amanarsu.
In Malam Giɗaɗo ya kawo ƙwayar tsutsa,
ni nake cusa ta a tsoka, in bi su ɗaya ɗaya.

Jiya Lantana na wanke yalo a bakin randa,
sau uku, yadda aka ce,
ta ɗago ta ce, "Baba, ina kewar Duna."
Na ce ni ma.
Sauran maganar tana nan a wuyana
kamar ƙashin da ban iya fiɗa ba.